Ranar da Matata Ta Kira Sunana

Ni ne mai laifi, kuma gara in faɗi haka tun daga farko, kafin wani ya karanta rabin labarin nan ya fara nema mini uzuri. Matata ba ta yi mini komai ba. Na rubuto muku ne saboda na san akwai maza irina da yawa a ƙasar nan, masu fita aiki su dawo da tsoro cike da ciki, ba su gaya wa kowa ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa, duk da cewa a kan sunan nawa komai ya faru.

A lokacin ina aiki a wani babban sito da ke bayan garin Greensboro a nan Amurka, ina tuƙa forklif, wato motar ɗaga kaya, ina loda kaya a tireloli. Karatuna bai wuce sakandare ba, a Funtuwa na yi shi, Turancina kuwa na wajen aiki ne, in ji umarni in ba da amsa. Na ɗauki kaina mijin kirki. Ba na duka, ba na zagi, ba na yawon banza. Da na samu takardun zama na ɗauko matata daga gida, muka fara zama a unguwar Glenwood cikin hayaniyar ɗalibai. Bayan mun samu yara sai na kama mana gida a McLeansville, inda gidaje ke warwatse tsakanin gonaki da itatuwa, maƙwabcinka sai dai ka hango rufin gidansa. Ban da motar makarantar yara, babu bas ɗin da ke shiga wajen. In ba ka da mota, ba ka da ƙafa. Saboda haka na saya mata wata tsohuwar mota, na riƙa jin cewa na gama mata komai.

Matata mai irin tarbiyyar da ce. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In da ni take magana, Abban yara take cewa. In da wasu ne, maigida. Ko a asibiti aka tambaye ta sunan miji, sai ta karɓi biro ta rubuta ta miƙa. Na sha yin alfahari da wannan a cikin abokai, ina cewa ni dai Amurka ba ta taɓa mini mata ba.

Da yaran suka shiga makaranta ta ce tana son ta zama nas. Na yarda, ta shiga kwaleji. Kafin a ɗauki mutum karatun nas ɗin sai ya ci wasu darussa, ciki har da na Turanci, kuma a ajin Turancin ne malamarsu ta ba su wani tsohon littafin labari da wani Ba'amurke ya rubuta tun zamanin kakanninsu. Nakan gan shi a kan teburin kicin, da hoton wani gida a bangonsa, taga ɗaya a buɗe. Ban taɓa ɗaga shi ba, ban kuma taɓa tambayarta labarin mene ne a ciki ba. A ajin ta haɗu da wata mata 'yar Jos, Kirista, wadda ta girme mu, tana aikin kula da tsofaffi, tana zaune a East Greensboro kusa da cocinsu. Anti muke ce mata. Hausarta tas, ga barkwanci. Su biyu aka haɗa za su yi bayanin littafin a gaban aji a ƙarshen zango, don haka kusan kullum suna kan waya.

Wata Laraba aka sallame mu da wuri saboda tirelolin ba su iso ba. Na shigo ta ƙofar baya, na tsaya a ɗakin wanki ina kwance igiyar takalmi. Tana kicin tana yanka albasa, ta ajiye waya a buɗe tana magana da Anti, ba ta ji shigowata ba. Sai na ji ta ce maigida ba ya duka, ba ya zagi, abinci akwai, sutura akwai, amma zama da shi kamar zama da kabari ne, don bai taɓa tambayar mutum abin da ke ransa ba. Anti ta tambaye ta to mece ce mafita a ganinta. Ta ce mafita ɗaya ce, a bar masa gidansa ya zauna da kujerunsa. Daga nan ta faɗi maganar da ta tsaya mini a ƙirji kamar ƙashi.

"Ni dai Anti, na ƙosa in ga ƙarshensa."

Suka yi dariya. Na daɗe a tsaye da takalmi ɗaya a hannu. Daga baya na lallaɓa na fita, na zagaya ta ƙofar gaba, na yi sallama kamar yanzu na iso. Ta tare ni da fara'a, ta karɓi jakata, ta ce yau an yi saurin dawowa. Wannan fara'ar ita ta fi ba ni tsoro. Da a ce a lokacin na buɗe baki na ce ga abin da na ji, da ba ku karanta wannan wasiƙar ba. Amma girman kai ya hana ni. Ina ganin in na tambaya na nuna mata ta iya girgiza ni.

Washegari a lokacin hutun cin abinci na zauna da wani abokin aikina ɗan Maraɗi, wanda aurensa ya mutu a nan ƙasar, har yau kuma bai huce ba. Ban ce masa ni ne ba, na ce wani ne ya ji matarsa tana kaza da kaza. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce ai wanin nan ya san shi. Ya ce lakwal, wato makaranta, ita ce ƙofar fita, tasa matar ma da littafi ta fara, daga nan ƙawaye, daga nan lauya. Ya ce a ƙasar nan kira ɗaya mace za ta yi ka tsinci kanka a waje da jakar leda, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Ba na ɗora masa laifi. Ciwonsa ya faɗa mini, ni ne na ɗauka na shafa wa kaina.

Daga ranar na zama mai laɓe a gidana. Nakan kashe mota tun daga bakin hanya in ƙaraso a hankali. Sau da yawa ba na jin komai sai maganar aji da ta jarrabawa. Amma akwai ranar da na ji ta ce wa Anti ai maigida bai san komai ba tukuna, yana nan yana ta lissafin kasuwancinsa, gidan na rushewa a kansa bai lura ba. Ni ba ɗan kasuwa ba ne, kuma ya kamata wannan ya tsayar da ni. Bai tsayar da ni ba. Wanda ya riga ya yanke hukunci, abin da ya dace da hukuncinsa kaɗai yake ji.

Abu na farko da na yi shi ne na daina cin abincinta. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma maganar ganin ƙarshensa ta sa har tuwon da ta tuƙa nake duba da wani ido. Nakan tsaya a gidan mai in sayi abin da zan ci a mota, in na shigo in ce na ƙoshi. Takan rufe abincin a kula ta bar shi a tebur, da safe in ga ta juye shi a roba ta sa a firiji. Sau ɗaya ta tambaye ni ko ta yi mini wani laifi ne. Na ce ba komai. Ta ce ko jikin ne. Na ce na ce ba komai.

Abu na biyu shi ne motar. Wata safiya kafin in fita aiki, tana ciki tana shirya yara, na buɗe murfin injin motarta na kwance wayar batir, na naɗe bakinta da tsumma na tura ta gefe, na rufe. Da hantsi ta kira ni a wajen aiki ta ce mota ta ƙi tashi, ga shi tana da aji. Na ce Allah ya kyauta, zan nemi makanike. Makaniken da ban taɓa kira ba ya yi ta ɗaga mana rana. Ta roƙe ni in riƙa sauke ta, na ce lokacin aikina bai ba da dama ba. Ta ce za ta kira motar haya ta waya, na ce ban yarda ta shiga motar namijin da ban sani ba. Ta ce Anti ta yi tayin zuwa ɗaukarta, na ce ba za mu zama nauyi a kan mutane ba. Duk abin da na ce, to take cewa. A raina ina cewa in zangon ya wuce ba ta je ba, shirin nasu ya wargaje.

Lokacin kaka ne, ganye na zuba, rana na faɗuwa da wuri. Motar tana nan inda take, ganyaye suka taru a gilashinta har suka fara ruɓewa. In na dawo da yamma nakan hango matata tsaye a tagar kicin, ba ta kallon hanya, motar take kallo. Gidan ya yi wani irin shiru. Yaran da kansu suka rage wasa a falo, in na shigo sai su shige ɗaki suna raɗa da Turanci. Ta daina kiran Anti in ina gida, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin ƙarin shaida. Littafin ya bar kan tebur ya koma ƙarƙashin matashinta. Muna kwana ɗaki ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, ni ina sauraron numfashinta ina tunanin me take ƙullawa, ita kuma, kamar yadda na gane daga baya, tana tunanin me ya sami mijinta.

Wata Asabar bayan azahar sai ga motar Anti ta shigo harabar gidan ba tare da sanarwa ba. Ina waje ina share ganye. Ta fito tana dariya, ta ce Malam ka ɓoye mana amarya, ko sai mun biya kuɗin sayen baki? Na gaishe ta a daƙile. Matata ta fito da mayafi suka rungume juna. Anti ta ce malamar ajin ta ce fashin ya yi yawa, shi ya sa ita Anti ta ce yau sai ta zo ta ga wannan motar da ta gagari makanikan Greensboro. Ta ce batir ne, ta san halin tsofaffin motoci, tana da wayoyin jona batir a but ɗinta. Na ce ta bari kawai, abin ya fi haka. Ta ce gwadawa ba ta kashe kowa. Kafin in sake magana ta ce wa matata ta ja abin buɗe murfin.

Murfin ya ɗagu. Ga wayar nan a gefe, naɗe da tsumma, kuma tsumman guntun tsohuwar rigata ce ta aiki wadda matata ta yayyanka da hannunta don goge-goge. Anti ta dubi wayar, ta dube ni. Matata ba ta dube ni ba, tsumman take kallo.

Maimakon in ji kunya sai na hau faɗa. Na ce e, ni na cire, kuma na san duk abin da suke shiryawa. Na ce wa Anti ta zo tana zuga mini mata. Na maimaita musu maganganun ɗaya bayan ɗaya, kabarin, barin gidan, maigida bai san komai ba, har da ganin ƙarshena. Anti ta fara dariya, sai kuma ta daina da ta ga da gaske nake. Ta koma motarta ta ɗauko nata littafin, ta buɗe shafin farko, ta ɗora yatsa a kan wata kalma ta ce in karanta. Sunana ne. Sunan annabi ne da mu da Kiristoci duk muke sawa, an rubuta shi yadda Turawa ke faɗarsa. Sunan mijin da ke cikin labarin ke nan.

Anti ta ce tun ranar farko da malamar ta sa matata ta karanta shafin a aji, da ta iso kan sunan sai ta yi shiru. Malamar ta zaci furucin ne ya gagare ta, ta faɗa mata ta ce ta maimaita. Matata ta tashi, da Turancinta mai rawa, ta yi wa ajin bayani cewa sunan mijinta ne, kuma a inda ta fito mace ba ta kiran sunan mijinta saboda girmamawa. Wasu suka yi mamaki, wasu suka yi gardama, ita dai ba ta faɗa ba. Daga ranar malamar ta yarje mata ta riƙa cewa mijin kawai. In suna hira da Hausa kuwa, da farko takwaran maigida take cewa, da abin ya yi tsawo suka gajarta shi ya koma maigida. Ƙarshen da ta ƙosa ta gani kuma ƙarshen littafin ne, don a lokacin ko rabi ba su kai ba.

"Malam," in ji Anti, "a gaban Turawa cike da aji yarinyar nan ta ƙi faɗar sunanka. Kai kuma ga abin da ka saka mata da shi."

Sai matata ta ɗago. Ta kira sunana. Ba da ƙarfi ba, ba da kuka ba, ta faɗe shi cikakke kamar yadda ake kiran mutum a layin asibiti. Ban taɓa sanin yadda yake fita a bakinta ba sai ranar, kuma da na san haka zan ji shi, da na gwammace in mutu ban ji ba.

"Da ka tambaye ni," ta ce. "Ran nan da littafi nake. Amma yau in aka ce in faɗi maganar a kanka, ban san abin da zan cire ba."

Ta juya ta shiga gida. Anti ta ajiye littafinta a kan rufin motar, ta ce in riƙe, tunda ni kaɗai ne a gidan ban san takwarana ba.

Na mayar da wayar batir a yammacin ranar, mota ta tashi bugu ɗaya. Amma an riga an makara. An cire ta daga ajin saboda fashi, sai ta sake shi a wani zangon, wanda ya ja mata asarar shekara guda kafin ta nemi shiga karatun nas. Na zauna ina jiran ta haɗa kaya. Ba ta haɗa ba. Ta ci gaba da girki, da wanki, da gaishe ni da safe. Abu ɗaya ne ya canza. Ba ta ƙara cewa Abban yara ba. Da sunana take kirana, cikin ladabi, a gaban yara da gaban baƙi, kuma duk kira ɗaya sai na ji kamar an rufe wata ƙofa. Na sayo mata sabon batir da sababbin tayoyi. Na sa aka aiko mata da atamfofi daga Kano. Takan karɓa ta ce an gode, ta haɗa da sunana.

A wannan halin na fara karanta littafin. Ya yi mini wuya ƙwarai. Na samu wanda ake karantawa da murya a waya, ina saurare a hanyar aiki, in na samu hutu in bi shafukan da yatsa. Takwarana mai shago ne, mutum mai tsare gida, kowa a garinsu na yabonsa. Duk lokacin da ya ga matarsa ta yi shiru sai ya sayo mata wani abu. Na kai wajen nan ne a ranar da atamfofin suka iso, sai da na tsayar da mota a gefen titi. Na ci gaba da saurare ina jiran inda matar za ta tafi, don a zatona nan ne masifar take. Ba ta tafi ko'ina ba. Ta zauna da shi har suka tsufa, tana zuba masa abinci, tana amsa masa da to, kuma ya rayu bai taɓa sanin cewa tun da daɗewa babu kowa a gidan sai shi ba. Abin da na yi ta tsoro ashe shi ne mai sauƙin. Wanda ya fi shi muni yana cikin kicin ɗina yana yi mini sannu da zuwa.

'Yan'uwana maza, musamman mu da ke zaune a ƙasashen nan, ga abin da na koya. Mun iya ciyarwa, mun iya tufatarwa, amma da yawanmu ba mu iya tambaya ba. Muna jin labarin wanda aurensa ya mutu sai mu dawo gida muna kallon matanmu kamar abokan gaba. Kunyar da matarka ke yi maka ba gadonka ba ce, kyauta ce take ba ka kullum, kuma ranar da ta ga ba ka cancanta ba za ta iya janye ta ba tare da ta ɗaga murya ba. In ka ji magana, ka tambaya. In ka ga littafi a teburinta, ka ce mata labarin mene ne. Kada ka bari shirun gidanka ya ruɗe ka ka ɗauka zaman lafiya ne. Har yau muna tare, ta koma ajin, makullin motarta na jakarta. Ko za ta sake ce mini Abban yara, wannan ban sani ba, kuma ba ni da bakin nema.

Ranar da na gama littafin Lahadi ce, da hantsi. Na same ta a kicin tana tsince shinkafa. Na ajiye shi a kan tebur, na ja kujera na zauna ƙasa da inda take tsaye, abin da ban taɓa yi ba. Ban zo da komai a hannu ba. Na ce mata:

"Na cire miki wayar mota, na yi miki ƙarya, na ƙi abincinki, na zarge ki da abin da ko a mafarki ba ki yi ba. Kin rufa mini asiri a gaban mutanen da ban sani ba, ni kuma na tozarta ki a ƙofar gidanki. Tun kafin littafin nan ma ban taɓa tambayarki abin da ke ranki ba. Ba ni da hujja ko ɗaya. Ki yafe mini don Allah. In ba za ki iya yau ba, zan jira. Amma ki gaya mini abin da ke ranki, ko da ba zan ji daɗinsa ba. Ina saurare."